RA'AYI: Sabuwar motar gwamnati, hanyar Maiha da wa'adin juyen baƙin mai

Makonni kaɗan da suka wuce wani ƙanena da ke aiki a ɗaya daga cikin hukumomin Gwamnatin Tarayya ya kira ni da dare, muryarsa kamar ta wanda aka sa a tsakiya. Hukumarsu ta sayi sabuwar mota ƙirar a-kori-kura, ta tura ta Maiha da ke Jihar Adamawa saboda aikin da suke yi a ƙauyukan bakin iyaka, shi kuma aka ɗora masa alhakin duk wata takarda da ta shafe ta. Da motar ta ci kilomita 5,000, direba ya aiko da buƙatar kuɗin juyen baƙin mai. Jami'in kuɗi ya dawo da fayil ɗin da jan biro, ya ce littafin da ya zo da motar kilomita 10,000 ya rubuta. Wani abokin aikinsu da ba ya rabuwa da intanet kuma ya ce dukkansu sun ɓata, domin a Amurka sai mota ta yi mil 10,000 ake taɓa ta. "Yaya," in ji shi, "kai da ka daɗe a wannan harka, wa zan bi?"

Na ce masa ya bi direba. Kafin ya yi mini godiya kuma na ƙara da cewa kada ya sa hannu sai ya ga lambar da ke kan mitar motar da idonsa, ko da a hoton waya ne.

Ina da dalilin ɗaukar wannan tambaya da nauyi. Na yi shekaru ina riƙe da fayil ɗin motoci a wani ofishi da ba sai na ambaci sunansa ba. Muna da wani dattijon direba da ke yi mana aiki a Arewa maso Gabas, mutum mai kunya, wanda ba ya ɗaga murya. Sau uku yana rubuto takarda cewa lokacin juye ya wuce, sau uku ina rubuta mata a gefe cewa a dakata sai an saki kuɗin gudanarwa. Ban yi haka da mugunta ba. A ganina sabuwar mota ce, ai ba za ta mutu saboda jinkirin wata biyu ba. Wata biyu ya zama biyar. Ran nan injin ya buga a tsakiyar daji, ma'aikata huɗu suka kwana a gefen hanya, aka jawo motar da igiya. Ta zauna a harabar ofishin tayoyinta suna sacewa ɗaya bayan ɗaya, har aka yi gwanjonta da kuɗin da bai kai na babur mai kyau ba. Takardar tuhuma kuwa shi aka bai wa. Ya karɓa ya ce, "Yallaɓai, Allah Ya sa haka ne mafi alheri," bai ko tuna mini da takardunsa uku ba. Har yau in na tuna fuskarsa sai in ji nauyi.

Jami'in kuɗin ƙanena bai yi ƙarya ba, rabin shafi kawai ya karanta. Duk wanda ya buɗe littafin kula da mota na Toyota Hilux, ko Mitsubishi L200, ko Ford Ranger, ko wata irinsu, zai tarar da wa'adi iri biyu. Akwai na tuƙin yau da kullum, wanda a motoci da yawa yake kai wa kilomita 10,000. Akwai kuma na abin da kamfanonin ke kira yanayi mai tsanani, inda wa'adin ke raguwa, galibi zuwa rabi, wato kilomita 5,000. Littafin bai bar wa kowa ya yi fassarar son rai ba, ya zayyana abin da yake nufi da tsanani: hanya mai ƙura, hanya mai gargada ko taɓo, ɗaukar kaya masu nauyi ko jan tirela, barin inji yana aiki na dogon lokaci mota na tsaye, tafiya a hankali na tsawon zango, da kuma zabga gudu na sa'o'i ba hutawa. Abu ɗaya daga cikinsu ya isa ya mayar da mota rukuni na biyu. Motar da ke aiki a Maiha tana iya haɗa huɗu a yini ɗaya.

Ga wanda bai san wurin ba, Maiha tana kudu da Mubi, a gindin duwatsun Mandara, ta yi iyaka da Kamaru. Aikin ma'aikacin tarayya a can ba ya ƙarewa a sakatariyar ƙaramar hukuma. Jami'in rigakafi, da na zaɓe, da na ƙidaya, da na kwastam da na shige da fice, dole su leƙa Pakka, su gangara Sorau, su kai Belel da Konkol, su kuma shiga rugage da ƙauyukan da hanyarsu sawun babur ce kawai. Tun bayan da Boko Haram ta mamaye Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, masifar ta kuma taɓa Maiha kafin a ƙwato yankin, motocin hukumomi da na ƙungiyoyin agaji suka ƙaru a wannan shiyya. A 2017 aka kafa Hukumar Raya Arewa maso Gabas, ita ma da nata ayyukan. Kusan dukkan waɗannan motoci a Abuja aka saye su, a Abuja ake rubuta kasafin kula da su, kuma wanda ke rubutawa yakan auna su ne da titin filin jirgin sama da yake bi kowace safiya.

Babbar abokiyar gabar inji a wannan yanki ita ce ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi, wanda masana ke lissafawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, Arewacin Adamawa kuwa yana cikin waɗanda take fara sauka a kansu. A kan wannan sai a ƙara jar ƙasar da tayoyi ke tayarwa, balle in ayari ake yi, motar baya na shaƙar abin da ta gaba ta watso. Inji yana zuƙar iska mai ɗimbin yawa kafin ya ƙone lita ɗaya ta fetur, kuma babu filtar iskar da ke tare komai da komai. Ɗan abin da ya kuɓuce yana shiga ɗakin ƙonewa, ya zurara ta gefen ringi, ya faɗa cikin baƙin mai. Ƙurar nan garin yashi ce, tana da taurin da zai karce ƙarfe. Idan ta taru, man da aka zuba don ya hana ƙarafa cin juna sai ya koma kamar tokar da ake goge tukunya da ita. Ba ta yin ƙara, ba ta kunna jar fitila. Sai bayan shekara ko biyu a ga mota ta fara shan mai tana fitar da shuɗin hayaƙi, a ce ai motocin yanzu ba su da ƙarko.

Zafi na biye mata. A Maris da Afrilu ma'aunin zafi a kwarin Binuwai yakan haura digiri 40, motar kuma ga ta ɗauke da buhuna, ko akwatunan sanyi na allurar rigakafi, ko janareta da kujeru da mutum goma a bayanta, tana hawan tudu da giya ta biyu. Mai yana tsufa da sauri cikin zafi: iska na cinsa, sinadaran da aka zuba masa don wanke datti da kashe tsami suna ƙarewa, ya fara kauri yana barin dauɗa a ƙananan hanyoyin da yake bi. Da damina kuma wata matsalar ce. Rafukan da Fulani ke kira mayo sukan cika a Agusta, direba ya kutsa domin ba shi da zaɓi. Duk ranar da mota ta ratsa ruwa mai zurfi, wajibi ne a zaro sandar auna mai a duba. In an ga ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, kuma maganar kilomita ta ƙare ke nan, a wurin za a juye shi.

Sai man da motar ke sha. Masu karatu za su tuna Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, motoci suka lalace, layuka suka dawo gidajen mai a Abuja da Legas. Wannan a babban birni ke nan, inda idon hukuma yake. A dizal kuwa, shekaru da dama ƙa'idar Najeriya ta yarda da farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ta tsaya a kashi 10. Sai a 2017 aka rage ƙa'idar zuwa kashi 50 a takarda. Farar wuta idan ta ƙone ta haɗu da danshi tsami take zama, kuma baƙin mai ne ke shanye shi. Ko an ce ingancin abin da ke fitowa daga matata ya ƙaru, abin da ke faruwa tsakanin depo da tankin mota a bakin iyaka labari ne daban. A Nuwamban 2019 gwamnati ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka don daƙile fasa-ƙwauri, abin da ya ƙara jefa mutanen irin waɗannan garuruwa hannun 'yan bumburutu. Direban da mai ya yanke masa a Belel ba zai jira tankar NNPC ba, jarka zai saya, da duk abin da ke kwance a gindinta.

Kada ma'aikacin da motarsa ba ta barin Abuja ya ɗauka wannan magana ta tsallake shi. A zagaya harabar Sakatariyar Tarayya ko ta Majalisar Dokoki da tsakar rana a ƙirga motocin da ke tsaye a silo, na'urar sanyaya na aiki, direba na jiran oga ya fito daga taron da aka ce na minti goma ne. Mita ba ta motsi, amma inji na juyawa, mai na aiki, ɗanyen fetur da danshi suna zurara cikinsa. Kamfanin Ford, a bayanin da yake yi wa masu motocin aiki da na 'yan sanda, yakan lissafa awa ɗaya ta irin wannan tsayuwa daidai da tafiyar kilomita 40 ko fiye. Direban da ke yin awa uku a haka kullum ya ƙara wa inji fiye da kilomita 2,000 a wata, waɗanda babu fayil ɗin da ya san da su. A haɗa da cunkoson Mararaba da Nyanya safe da yamma. Shi ma rukuni na biyu yake, ko da bai taɓa ganin Maiha ba.

Maganar mil 10,000 ba ta buƙatar dogon sharhi. Mil 10,000 kimanin kilomita 16,000 ke nan. Gaskiya ne akwai motocin da ake kai su haka a Amurka, a kan kwalta mai santsi, da tataccen fetur, da mai na musamman da ba a shakkar asalinsa. Kuma ko a can, littafin yana da shafin yanayi mai tsanani. Abin da kawai ya kamata mai tsohuwar motar da aka shigo da ita daga can ya lura shi ne mitarsa da mil take ƙirga. In ta nuna 5,000, ya riga ya yi kilomita 8,000.

Akwai wani abu game da sabuwar mota da ban taɓa ganin an yi la'akari da shi a wata takardar ofis ba. Dillalai kan buƙaci a dawo da mota a duba ta bayan kilomita 1,000 na farko. To daga Abuja zuwa Maiha, in aka bi ta Jos da Bauchi da Gombe, aka ratsa Numan da Yola, aka haura Song da Gombi da Hong zuwa Mubi, tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce. Ma'ana, ranar da motar ta isa wurin aikinta, ranar ce wa'adin dubawar farko ya cika, a garin da babu garejin da dillali ya amince da shi. Galibi kuma wannan tafiya ta farko ita ce mafi muni da za a yi wa sabon inji: yini guda cur ana take totur don a isa kafin dare, alhali littafin ya roƙi a lallaɓa shi a wannan zango. Injiniyoyi sun saɓa a kan ko injunan zamani suna buƙatar juye da wuri. Wasu kamfanoni sun ce ba dole ba ne, domin ƙira ta inganta. Ni dai ra'ayina a juye tsakanin kilomita 1,000 da 2,000. A farkon rayuwar inji ƙarafa ke zama da juna, ɓurɓushinsu na zuba, kuma kuɗin lita shida na mai da filta ɗaya bai kai a yi jayayya a kansa ba a motar da aka saya da miliyoyi gommai.

Dalili na biyu ya fi na farko ƙarfi, kuma namu ne na gida. Motar gwamnati ba ta fara aiki ranar da ta fito daga masana'anta. Takan yi watanni a jirgin ruwa da tashar Legas, ta yi wasu a filin ɗan kwangila, sannan ta yi wasu a jere cikin rana ana jiran ranar da mai girma zai samu sukunin yanka ƙyalle ya miƙa makullai. Wa'adin mai kuwa ƙafa biyu gare shi, kilomita ko watanni, duk wanda ya riga cika. Man da ya yi shekara a cikin inji tsohon mai ne ko da mita na nuna kilomita 60. Saboda haka motar da ke aiki a Maiha, in ta cika kilomita 5,000 a wata biyu, a juye a wata biyu. In kuma ta yi wata shida ba ta cika ba, a juye duk da haka. Mai injin dizal ya duba littafinsa da kyau, domin wasunsu watannin da suka gindaya ba su kai haka ba.

Na ce a bi direba, amma ba a komai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai ba kowane mai ɗaki ne ya iya rufi ba. Direbobinmu da makanikanmu da yawa sun tashi ne a zamanin Fijo 404 da 504, waɗanda aka yi ta haɗawa a Kaduna tun daga 1975, kuma sun gaji imanin cewa mai kauri shi ne mai ƙarfi. Za ka ji bakanike ya ce a zuba 20W-50 ko SAE 40 domin ƙasarmu akwai zafi, wancan ruwa-ruwan na ƙasar Turawa ne. A tsohon injin da ya sake, wannan magana tana da gindi. A sabon inji kuwa ramukan da mai ke bi sun matse, kuma akwai na'urar da ke sarrafa buɗewar bawul wadda da matsin mai take aiki. Mai kauri yakan makara kafin ya isa sama da safe, lokacin da inji ya fi buƙatarsa. Lambar da littafi ya rubuta, ko 5W-30 ce ko wata, ita za a bi. Haka nan al'adar shafa mai tsakanin yatsu biyu a ce har yanzu da sauransa, wannan duba ne irin na boka. Man injin dizal yakan yi baƙi ƙirin kwana kaɗan bayan juye alhali lafiyarsa lau, na fetur kuma yana iya zama garau a ido alhali sinadaransa sun ƙare. Mafi ɓarna duka ita ce ɗabi'ar buga filtar iska a jikin taya, ko hura ta da iskar faci mai ƙarfi. Takarda ce, da zarar ta tsage, an buɗe wa ƙura ƙofa, kuma ko kullum ake juye ba zai yi magani ba.

Akwai kuma tatsuniyar cewa Hilux ba ta mutuwa. Tana da asali: a 1987 sojojin Cadi sun fatattaki tankokin Libiya a hamada a kan irin waɗannan motoci, har aka yi wa yaƙin laƙabi da sunan Toyota. Wannan suna mai kyau ya kashe motoci da yawa a ma'aikatunmu, domin shi ke sa mai biro ya ce a dakata. Ni ma shi ya ruɗe ni.

Sai mu yi wa jami'in kuɗi adalci. Jan bironsa ba daga sama ya faɗo ba. Duk wanda ya zauna a sashen kuɗi ya ga baucar juye ta motar da ke kan duwatsu tun bara. Ya ga rasiɗin da ya nuna an yi wa mota ɗaya sabis sau uku a wata guda. Ya ga an karɓi kuɗin mai mai tsada an zuba na awo daga durom, an wanke tsohuwar filta da fetur an mayar. Kasuwar jabun mai kuma ta bunƙasa tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki darajar naira, farashin komai na mota ya yi tashin gwauron zabo. Akwai masu tara tsohon mai su tace shi su ɗura a galan mai tambarin kamfani. Saboda haka idan jami'in kuɗi ya ga takardar juye, ɓarawo yake hangowa, kuma ba kullum yake kuskure ba. Kuskurensa shi ne maganin da ya zaɓa. Tsawaita wa'adi ba ya hana ɓarawo sata, zai rubuta rasiɗinsa ko nawa aka ce. Direban kirki da injin da ke hannunsa su ne ke shan hukuncin. An gudu daga gara an faɗa zago.

Tushen matsalar yana cikin yadda muke kasafi. Sayen mota yana ƙarƙashin manyan ayyuka: akwai kwangila, akwai biki, akwai hoto a jarida. Kula da ita yana ƙarƙashin kuɗin gudanarwa, waɗanda kowane ma'aikaci ya san ba sa zuwa a kan kari, in sun zo kuma wutar lantarki da dizal na janareta da alawus ɗin tafiya sun riga sun yi layi. A da Ma'aikatar Ayyuka tana da garejinta da makanikanta masu albashi. Bayan da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alfarmar ma'aikata kuɗi a 2003, aka sayar da motocin ofis da yawa, wannan tsari ya ƙara lalacewa, amma motocin aiki ba su daina ƙaruwa ba, ga kuma na ayyukan mazaɓu da ake miƙa wa asibitoci da 'yan sintiri da ofisoshin 'yan sanda ba tare da ko sisin juye ba. Tun da aka tilasta Asusun Bai-ɗaya a 2015 an toshe ɓaraka da yawa, sai dai ƙaramin kuɗin da ake buƙata yau a Mubi yakan bi doguwar hanya kafin ya fito. Juyen shekara guda cur da ƙyar ya kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin motar. Wannan ɗan kason muke ƙi, sannan bayan shekara uku mu sake rubuta sabuwar mota a kasafi, kuma babu mai tambaya ina ta da.

Gyaran bai buƙaci sabuwar doka ba. Dokokin kuɗi na gwamnati sun riga sun tanadi littafin zirga-zirga ga kowace mota, masu binciken kuɗi kuma sun gaji da ƙorafin ba a cika shi. Wanda ya taɓa aiki da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya san direbansu ba ya tayar da mota bai rubuta kilomita ba, ba ya kashe ta bai rubuta ba, kuma motocinsu a kan hanyoyin nan namu suke tsufa da mutuncinsu. Idan aka ɗaure biyan kuɗin juye da lambar mita, da hoton mitar mai kwanan wata, da tsohuwar filta, da galan ɗin da aka huda bayan an zuba don kada ya koma kasuwa, an rufe wa ɓarawo ƙofa ba tare da an shaƙe inji ba. Idan hukuma za ta sayi mota, ta sa kuɗin sabis na shekara biyu ko uku cikin kwangilar tun farko, ta kuma tambayi dillali a rubuce inda za a riƙa kai ta daga wurin da za ta yi aiki, domin garantin da ake taƙama da shi yana faɗuwa ne ranar da aka tsallake wa'adi ko aka kasa nuna shaidar an yi. Motar da za ta tafi nesa kuma ta tafi da katan ɗin mai na asali da filtoci a bayanta, a ba shugaban ofishin can ajiya ya sa hannu. Makanikan Mubi sun iya kwance ƙusa su ɗaura. Abin da ke yi musu wuya shi ne samun kayan da ba jabu ba.

Hadimai musamman nake so su ji wannan, domin ta hannunsu takardar direba ke bi kafin ta kai teburin oga, kuma su ne ke yanke wace za ta hau sama, wace za ta kwana a aljihun tebur. Direba ba ya iya ƙwanƙwasa ƙofar babban sakatare. In ya faɗa sau ɗaya aka share, ya faɗa sau biyu aka harare shi, na uku shiru zai yi, kada a ce yana neman na cefane. A hanyar da ke tsakanin Sorau da Belel kuwa, motar da ta mutu da la'asar ba asarar dukiya kaɗai ba ce. Akwai allurar da za ta lalace in ƙanƙara ta narke, akwai mai naƙudar da aka ɗauko, akwai ma'aikatan da za su kwana a wurin da ba a son dare ya riski baƙo.

Ƙanena ya sake kirana bayan kwana huɗu. Ya ɗauki hoton shafin yanayi mai tsanani ya liƙa a fayil, ya ja layi a ƙarƙashin ƙura da kaya masu nauyi, ya haɗa da hoton mitar da direba ya turo masa. Jami'in kuɗi ya karanta, ya yi shiru, sannan ya tambaya me ya sa tun farko ba a nuna masa wannan shafi ba. Ya sa hannu, da sharaɗin a aiko masa da tsohuwar filta cikin leda. A lokacin mitar ta riga ta kai 6,300. Na ce wa ƙanena ya gaya wa direban ya canza filtar iska ma, tunda hunturu ya kusa, kuma kada ya bari yaran gareji su tuttular da tsohon man a kwata.